Ƙananan Kafasita Biyu da Gorar Innarku

Ranar sunan 'yar Nasiru ina zaune a zaure ina jin ku daga tsakar gida kuna ba surukai labarin injin kaɗa nono. Hadiza ce ke jan zancen, ku kuna amshi. Wai mahaifinmu da ya ga ciwon kafaɗa ya hana Inna aiki, sai ya zauna da tarkacen mota ya ƙera mata inji, ta huta har Allah ya karɓi abinsa. Mutane sai sa mini albarka suke yi. Ban ce uffan ba, don ba a gyara wa 'ya'ya zance a gaban surukansu. Ba ƙarya kuka yi ba, amma rabin labarin kuka sani, domin a shekarar duk kuna Kano da Zariya, ta waya kuke jin mu. Tunda ni kaɗai na rage a gidan, gara in rubuta muku sauran kafin in bi ta.

Kun san na yi shekaru ina koyar da kimiyya, a Kiru da farko, daga baya a Tudun Wada. Amma hannuna ya fi bakina son aikin. Tun ina saurayi ba na iya ganin matacciyar rediyo in wuce ta. Sai na kawo ta gida, na narka dalmar, na zare 'yan kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya na zuba a gwangwanayen madara. Ba sana'ata ba ce, ban taɓa gyara wa kowa komai don a biya ni ba, sha'awa ce kawai irin wadda wasu ke yi wa kiwon tattabaru. Innarku, Dije, ta sa wa ɗakin nan nawa suna maƙabartar rediyo. Da na ajiye aiki muka tattara muka koma wajen danginta a gefen Falgore, saboda shanunta suna hannun kawunku Bello, kuma ta yi haƙurin zaman gari shekara da shekaru domina. Na ce yanzu kuma layina ne in yi haƙurin daji.

A wajen mutanenta nono na mace ne. A tatsa a kawo mata, ta zuba a ƙwarya ya kwana, da safe ta juye a gora, ta ɗora a cinya ta yi ta kaɗawa har mai ya haɗu. Dije ba ta fi damina guda da komawa aikin nan ba kafaɗarta ta dama ta fara. Da farko ta ɓoye, kun san halinta, sai da na ga tana ɗaura ɗankwali da hannu ɗaya. Likita a Tudun Wada ya ce sanyin ƙashi ne, ta daina aikin da ke jijjiga hannun. Ba ta gaya wa kowa ba, amma labari ya kai inda zai kai. Wata safiya sai ga Jebbu, matar Bello, ta yi sallama ta zauna ta janye gorar daga cinyar Dije ta hau kaɗawa. Bayan ta sai Hansatu, matar maƙwabcinmu, Bahaushiya mai bakin da ba ya gajiya, wadda ba ta rabuwa da 'yar rediyonta ko rafi za ta. Kafin wata ya zagayo mata sun mai da gindin bishiyar darbejiyar gidanmu wurin zama. Kowace ta kaɗa ta miƙa wa ta kusa, ana hira da Hausa da Fillanci a cakuɗe, in mai ya haɗu Dije ta ɗan yanko wa kowa nata a ganye.

Ni daga ƙofar ɗakina abu ɗaya nake gani: matata ta zama wadda ake zuwa taimako, alhali mijinta na zaune da ɗaki cike da kayan aiki. Abin ya tsaya mini a rai. Na hau mota zuwa Kwanar Dangora, na samo injin waifa na wata motar da ta mutu, wato ɗan injin nan da ke kaɗa abin goge gilashi. Na yi masa gadon katako da gammo inda gora za ta zauna, na ɗaure da igiya, na haɗa shi da batirin da muke caji da sola. Sai dai injin waifa ba shi da tausayi, gudunsa ya fi ƙarfin gora. Don haka na haɗa ɗan allo mai ayisi, wannan baƙin abu mai ƙafa takwas, wanda zai riƙa sakar wa injin wuta kaɗan kaɗan, da maɓallin murɗawa da Dije za ta ƙara gudu ko ta rage. A kan tebur, da ɗan ƙwan fitila a madadin injin, komai ya yi daidai. Na fito da shi gindin bishiya ina tafiya kamar mai kai amarya.

Ya fara lafiya. Gora na kai-komo a hankali, mata sun zuba ido. Can sai ya tsaya cak, ya ɗan yi rawa, sannan ya zabura da gudun da ban taɓa sanin yana da shi ba. Toshiyar gorar ta yi sama, nono ya wanke ni daga hula har ƙirji. Hansatu ta kwanta a tabarma tana dariya har da hawaye.

“Malam,” ta ce, “wannan ba inji ka ƙera ba, ɗan maraƙi ne. A kai shi wajen Bello ya horar da shi.”

Tun daga wannan rana sunan nan ya bi shi. Kullum da safe in fito da Ɗan Maraƙi, ya yi aiki na ɗan lokaci, sai ya yi gardama, mata su kwance gorar su ƙarasa da hannu suna yi mini tsiya. Har waɗanda da ba sa zuwa suka fara zuwa, don a ga abin da zai yi yau. Ni kuwa na shiga farautar laifin. Na san injin yana fizgar wuta da ƙarfi duk lokacin da ya juya, don haka na ce kafasita ake bukata, abin da masu gyaran rediyo ke kira kondensa, wanda ke ajiye 'yar wuta ya saki in an nema. Na zaɓo ƙato mai kamar gwangwani, na liƙa a bakin batir. Garin ɗoki ban duba rubutun jikinsa ba, ashe mai ɗaukar wutar bolt goma ne, batirin kuwa sha biyu ne har da ɗoriya in rana ta buɗe. Bai daɗe ba ya kumbura ya fashe da ƙara, ya watso farin abu kamar auduga. Kaji suka watse, Jebbu ta yi salati, Innarku ta riƙe kafaɗar da ke ciwo tana dariya tana cewa wayyo. Shekaruna da ita ban cika jin ta tana dariya da sauti haka ba. Na lura da hakan a lokacin, amma na ɗauka a kaina ake yi, sai na tsuke fuska.

Na koyi darasi: in za ka musanya kafasita, bolt ɗinsa ya fi na wutarka, kada ya gaza. Na sa na ashirin da biyar, na kula da ƙafar da ke da zane don kada in juya shi. An samu sauƙi, zaburar ta ragu, amma ba ta tafi ba. Na ƙara wani ƙaton a kai, shiru. Na ma taɓa gwada wani ƙaramin kafasita mai kamar ƙwayar wake, na rataya shi can gefen allon da dogayen ƙafafunsa da guntun waya, ban ga bambanci ba, na mai da shi gwangwani. Kun san dalilin da na bar ƙafafun da tsawo? Mai tsintar kaya ba ya yanke ƙafar abu. In ka yanke, ba ka da damar ciro shi ka sa a wani wuri gobe. Wannan rowar ce ta ci mini damina sukutum.

Hansatu ce ta ba ni bakin zaren, ba da saninta ba. Wata safiya tana sauraron shirin gaishe-gaishe, na kunna injin, sai ta ɗaga rediyon ta girgiza.

“Kashe maraƙin nan, Malam, ana gaida mutanen Doguwa. Da ka kunna shi sai rediyona ya kama ƙarar soya ƙosai.”

Na kashe, rediyo ya washe. Na kunna, ƙarar ta dawo. Na tsaya kamar an dasa ni. A cikin injin akwai 'yan gawayi biyu da ke gogar tagulla suna tartsatsi, kuma tartsatsin nan ne ke bin waya. Abin da ke shiga rediyon Hansatu shi ke shiga ayisina ya rikita masa lissafi. Ƙaton kafasita ba zai iya da wannan ba, nauyin jiki gare shi, kuma yana nesa. Shi randa ne a bayan ɗaki. Wanda ya shaƙe da tuwo moɗar da ke hannunsa yake nema. Abin da ake so shi ne ƙarami mai saurin amsawa, a manne shi a gindin ƙafafun ayisin, tsakanin ta wuta da ta ƙasa, ba waya ba tsawo. Sannan a sa wani a bakin injin kansa, ya shanye tartsatsin tun daga tushe.

Wanda ake sawa a irin wannan wuri shi ne mai lamba 104. Na zazzage gwangwanayena a kan tabarma. Na sami guda ɗaya kore, daga wata tsohuwar talabijin, mai ɗaukar bolt ɗari; wannan ya dace da bakin inji, don irinsa ba ruwansa da wace ƙafa ce ta wuta, kuma ba ya tsoron duka. Na gindin ayisi ne babu. Akwai 103 da yawa, amma lambar ƙarshe yawan sifili take nufi, don haka kashi ɗaya cikin goma ne na abin da nake nema. Sai na ci karo da 473 guda biyu, 'yan jajaye. Kowane ya kusa rabi, in an jera su kafaɗa da kafaɗa ƙarfinsu haɗuwa yake, sai su kusa cika. A wannan aikin kusa ta isa, ba awon zinariya ba ne. Na ɗauki almakashi, na rufe ido na datse musu ƙafafu.

Ba mu da lantarki, ƙarfen dalmata a garwashi nake gasa shi. Da hantsi, bayan mata sun watse, na kawo allon bakin murhun Innarku na tura ƙarfen cikin wuta. Tana zaune tana tsince wake. Ta kalli 'yan abubuwan nan biyu a tafin hannuna.

“Waɗannan ne za su sa ya daina gardama?”

“In Allah ya yarda.”

“Gaba ɗaya?”

“Gaba ɗaya. Ba wanda zai ƙara taɓa miki gora.”

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Sai da ƙarfen ya fara ja ta sake magana, ba ta ɗago ba.

“Da ka bar shi haka, Malam. Ai yana yi yana hutawa. Mu ma haka muke.”

Na yi dariya. Na ce so kike Hansatu ta yi ta yi mini waƙa har in mutu? Na ce likita ya ce hannun nan ya huta, kuma ko jiya na gan ki kin karɓi gorar da Jebbu ta gaji. Duk gaskiya na faɗa. Ba ta musa ba. Ta ajiye faifan, ta ɗauki mafici ta fifita mini garwashin har ƙarfen ya yi yadda nake so. Innarku ba ta maimaita magana. In ta faɗa sau ɗaya ba ka ji ba, sai ta taya ka yin abin da ka zaɓa.

Washegari Ɗan Maraƙi ya zama saniyar kirki. Ya ɗauki gora ya yi ta lilo da ita lumui, daga farko har mai ya haɗu, ko tuntuɓe bai yi ba. Rediyon Hansatu ma bai yi tari ba. Mata suka yi guɗa, Bello ya zo daga wajen shanu ya tsuguna yana kallo yana girgiza kai, har daga Ɗansoshiya wani tsohon ɗalibina ya zo ya ɗauki hoto, wanda kuke ta yawo da shi a wayoyinku. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na yi kwanaki ina jin kaina.

Kallo ba ya daɗewa. Abin da ke aiki daidai ba ya tara mutane. Waɗanda suka zo don dariya su suka fara ɗaukewa. Hansatu ta riƙa leƙowa ta gaisa a tsaye, ta ce wanki na jiran ta. Jebbu ta fi kowa jurewa, tana zuwa ta zauna ta harɗe hannu tana kallon gora na kaɗa kanta, in Dije ta yanko mata mai sai ta ƙi karɓa. Daga baya ita ma ta koma zuwa ranar Juma'a kaɗai. Na ɗauka wani saɓani aka yi. Na tare ta a hanyar rijiya na tambaye ta ko an ɓata mata rai.

“Subhanallahi, Malam, wa zai ɓata? Amma in na zo kullum, me zan ce na zo yi? Da hannuna ke kawo ni. Yanzu in na zauna har mai ya haɗu, sai a ce Jebbu man shanu take jira.”

Na ce wa zai faɗi haka, ke da gidan yayar mijinki?

“Ba sai an faɗa ba,” in ji ta.

A nan ne na fahimci abin da na yi shekaru ina zaune a cikinsa ban gani ba. Mutanen Innarku ba sa zuwa gidan mutum hannu rabbana su zauna. Kunya ba ta bari. Sai da dalili, kuma dalilin ya zama kai ne ka kawo wani abu, ba ka zo karɓa ba. Ita kuma Dije ko za ta mutu da kaɗaici ba za ta aika a ce wance ta zo ta taya ta hira ba. Shekarun da ta yi tana bi na gari gari sun sa ta dawo cikin danginta kamar baƙuwa, ƙawayen ƙuruciyarta sun watse, ku kun tafi. Ciwon kafaɗar nan shi ya buɗe wa mata ƙofar gidanmu, gardamar injina kuma ta riƙe ƙofar a buɗe. Ni na zo na rufe ta da dalma.

Kafaɗar ta yi sauƙi, wannan kam gaskiya ne, ku ci gaba da faɗa. Ta koma ɗaura ɗankwali da hannu biyu. In da za a mai da ni bakin murhun nan, ban san ko zan iya zuba ido hannunta ya lalace ba. Amma da na ajiye ƙarfen na tambaye ta me take nufi. Da wataƙila mun sami hanya, ko injin ya yi rabi a bar wa mata rabi, tun kafin kowa ya san yana iya gamawa shi kaɗai. Wannan tambayar da ban yi ba ita ke damuna har yau. Da safe sai in gan ta daga ƙofar ɗakina, ita kaɗai a gindin bishiya, ta shimfiɗa babbar tabarmar nan kamar yadda ta saba, ta zauna a gefe ɗaya. In kun bugo waya ta ce muku lafiya lau, injin Malam na ta aiki.

Da abin ya ishe ni, wata safiya kafin ta fito na buɗe allon, na sa ƙarfe na ɓalle 'yan jajayen nan biyu, na jefa a aljihu. Ta ɗora gora ta murɗa maɓalli. Bai yi nisa ba ya tsaya, ya yi rawa, ya zabura, nono ya fantsama a tabarma. Na ɗaga murya yadda za a ji har maƙwabta, ina cewa kai, maraƙin nan ya dawo da halinsa! Dije ta kalle ni, ta kalli aljihuna. Sai na ga ta gyara zama ta juya fuska wajen ƙofa. Muka jira. Can sai ga kan Hansatu ta saman danga, da tulu a ka da rediyo a hannu.

“Yau kuma ya motsa? Sannu Dije. Kada ki damu, ai Malam na nan, yanzu zai gyara. Ba abin da ya gagare shi.”

Ta wuce rijiya. Muna jin rediyonta yana nisa har ya ɓace. Innarku ta daɗe tana kallon wurin da kan ya leƙo. Sannan ta jawo gorar ta toshe bakinta, ta share nonon da ya zube da gefen hannu.

“Mayar da su, Malam,” ta ce, “kada nonon ya lalace.”

Na tashi na je na hura wuta. Wannan karon ni na yi wa kaina fifita. Allah ya jiƙan Dije, ya haɗa ta da masu taya ta zama.